Harajin Sigari da Kayan Zaƙi: Me Ya Haɗa Shi da Lafiyarmu?

Kalmar haraji ba ta da farin jini a ƙasarmu. Iyayenmu ba su manta da harajin kai da jangali ba, waɗanda aka soke a jihohin Kano da Kaduna a shekarar 1979, jama'a suka yi ta murna. Saboda haka dole mutum ya yi mamaki idan ya ji cewa akwai harajin da likitoci da kansu ke roƙon gwamnati ta ƙara masa nauyi. Wannan shi ne harajin da ake ɗora wa taba sigari da lemon kwalba da wasu kayan ci masu cutar da jiki. Ya kamata ɗalibai da iyaye da 'yan'uwa a ikilisiya mu san yadda yake aiki, domin yawanci saboda matasa irin namu aka yi shi.

Wane irin haraji ne?

Ba a bin gida gida a karɓe shi. Ana karɓarsa ne daga hannun kamfani, a masana'anta ko a inda ake shigo da kaya daga waje. Kamfanin kuma sai ya ƙara kuɗin a kan farashi, har ya gangaro kan mai saye. Wanda ba ya shan sigari ba ya biyan ko kwabo. Hanyar ɗora shi iri biyu ce. Akan yanka kuɗi tsayayye, a ce naira kaza a kan kowane kara ko kowace lita. Akan kuma ɗauki wani kaso na darajar kayan, a ce kashi 20 cikin 100. Ƙasashe da yawa suna haɗa duka biyun.

Me ya sa aka fara da sigari?

A shekarar 1950 wasu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna da hujja cewa shan sigari yana da hannu a ciwon daji na huhu. A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoto mai tabbatar da haka. Yanzu an san cewa hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma wajen 70 daga cikinsu suna jawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara. Fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba su taɓa kunna kara ba, hayaƙin wani suka shaƙa a gida ko a wurin aiki.

Akwai kuma sinadarin nikotin, wanda ke kama mutum ya hana shi bari. Yawancin masu sha sun fara ne tun suna samari, lokacin da ba su iya hango abin da zai faru bayan shekara talatin ba. Ganin haka ne ya sa masana suka ce a tsare ƙofar shiga, domin fitowa tana da wuya.

Yadda tsada ke yin aiki

Kowa ya san cewa in kaya ya yi tsada masu saye sukan ragu. An auna wannan a kan sigari a ƙasashe da dama. Idan farashi ya tashi da kashi 10 cikin 100, shan sigari yakan ragu da wajen kashi 4 a ƙasashe masu arziki, da wajen kashi 5 a ƙasashe irin namu. Wani ya daina, wani ya rage, wani kuma bai fara ba sam. Wannan na ukun shi ne babbar riba. Attajiri ba zai ji ƙarin ba, amma yaron sakandare mai 'yan kuɗin kashewa a aljihu zai ji shi nan take. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa haraji ya kai aƙalla kashi 75 cikin 100 na kuɗin da mai saye ke biya.

Afirka ta Kudu misali ce ta kusa da mu. Daga 1994 gwamnatinta ta riƙa ƙara harajin sigari shekara bayan shekara. Cikin shekara goma shan sigari ya ragu ƙwarai, kuɗin da ke shiga baitulmali daga harajin kuma ya ƙaru. A ƙasar Filifin an yi doka a 2012 wadda ta ƙara harajin taba da giya, aka zuba mafi yawan ƙarin kuɗin a harkar lafiya, musamman inshorar lafiya ta talakawa.

Ina muka kwana a Nijeriya?

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005. A 2015 aka yi dokar ƙasa wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara kara. A 2018 gwamnati ta ƙara naira ɗaya a kan kowane kara, bisa kashi 20 cikin 100 da ake karɓa a da, aka kuma ƙara a shekarun da suka biyo baya. Duk da haka ba mu kusanci kashi 75 ɗin nan ba.

Maganar sayarwa kara kara tana da muhimmanci. In yaro sai ya sayi kwali guda mai kara 20, tsadar za ta tsorata shi. In kuwa mai tebur a bakin tasha zai zare masa ɗaya, to harajin ya rasa haƙoransa. Doka tana kan takarda, amma duk wanda ya zaga kasuwa ya san ba a cika bin ta ba.

Lemon kwalba da sauran kayan ci

Bayan sigari sai hankali ya koma kan sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da babban mutum ke sha a rana ya wuce wajen giram 50, wato ƙaramin cokalin shayi 12, in ma an tsaya a 6 ya fi. Gwangwani ɗaya na lemo yana iya ƙunsar har cokali 10. Kuma ruwa ne, ba ya ƙosar da mutum, sai ya sha ya kuma ci abincinsa cikakke. Yawan haka yana kawo ƙiba da ruɓewar haƙori da ciwon sukari, cutar da ke bin mutum har ƙarshen ransa da kuɗin magani.

Ƙasar Meksiko ta ɗora feso ɗaya, wato kuɗinsu, a kan kowace lita ta abin sha mai sukari a 2014. A shekarar farko saye ya ragu da wajen kashi 6 cikin 100, kuma gidajen talakawa ne suka fi ragewa. Birtaniya ta bi wata dabara a 2018. Ta ce kamfani zai biya ne gwargwadon sukarin da ya zuba, abin shan da sukarinsa bai kai giram 5 a cikin mililita 100 ba kuwa ba a biyan kome a kansa. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Kamfanoni da yawa suka rage sukarin tun kafin dokar ta fara aiki.

A Nijeriya Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora naira 10 a kan kowace lita, aka fara karɓa a 2022. Ɗalibai, ku yi lissafin da kanku: kwalba mai rabin lita, naira 5 ke nan. Da farashin kaya ya yi ta hawa a 2023 da 2024, naira 5 ta zama abin da mai saye ba ya ko lura da shi. Wannan shi ne raunin kuɗi tsayayye, in ba a riƙa ɗaga shi ba, tsadar rayuwa sai ta cinye shi.

Abinci ya fi sigari wuyar sha'ani. Jiki ba ya bukatar taba ko kaɗan, amma yana bukatar mai da gishiri daidai gwargwado. Ƙasar Denmak ta ɗora haraji a kan abinci mai kitse a 2011, mutane suka riƙa ƙetara iyaka zuwa Jamus suna sayayya, ba a yi shekara biyu ba aka soke shi. A wajenmu kuma, inda har yanzu akwai yara masu fama da tamowa, ba hikima ba ce a tsawwala wa mai ƙosai ko mai ƙuli-ƙuli. Abin da ya dace a ware shi ne kayan masana'anta waɗanda ba abinci ba ne, sha'awa ce kawai.

Abin da masu suka ke cewa

Na farko, sun ce talaka ne zai sha wahala. Gaskiya ne ƙarin ya fi yi masa nauyi. Amma shi ne ya fi saurin bari, kuma shi ne ciwo ya fi durƙusarwa, domin jinyar ciwon daji ko shanyewar jiki takan cinye gona da awaki da kuɗin makarantar yara. Na biyu, sun ce fasa-ƙwauri zai ƙaru. Wannan damuwa ce ta gaske ga ƙasa mai iyakoki masu faɗi, maganinta kuwa tsaron iyaka da haɗa kai da maƙwabta. Na uku, sun ce ina kuɗin ke zuwa? Wannan tambaya ce da ya kamata kowane ɗan ƙasa ya riƙa yi. Jama'a sun fi yarda da harajin idan sun ga magani a asibiti.

Namu aikin

Haraji zai iya sa abu ya yi tsada, amma ba zai iya canza zuciya ba. Wannan aikin gida ne da makaranta da ikilisiya. Manzo Bulus ya koya wa masu bi na Koranti su ɗauki jikinsu da tsarki, domin amana ce daga Allah. Iyaye, kada mu aiki yaro sayen sigari, kada kuma mu mai da lemon kwalba ruwan sha na kullum. A bukukuwanmu na aure da Kirsimeti, mu ajiye ruwa mai tsabta da zoɓo da kunun zaƙi waɗanda ba a cika wa sukari ba. Ku kuma ɗalibai, musamman masu fita a bana, za ku haɗu da abokin da zai miƙo muku kara ɗaya kyauta. Ku tuna cewa wannan na farkon ne ya fi kowane tsada. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba shugabanninmu hikima da riƙon amana, ya ba mu lafiyar yi masa hidima. Amin.