Yadda Za Ka Zaɓi Na'urar Intanet Ta Tsakar Gida Da Gona

Jama'a, wayar hannu ta shigo Nijeriya a shekarar 2001. A lokacin ba ta wuce gaisuwa da aika saƙo ba. Yau kuwa da ita yaro yake neman gurbin karatu, da ita mai POS yake tura kuɗi, da ita manomi yake jin farashin dawa a Zuru ko Koko kafin ya ɗora buhu a mota. Duk waɗannan ayyuka suna buƙatar intanet. Shi ya sa wasu magidanta a Mahuta, hedkwatar ƙaramar hukumar Fakai, suke son kafa na'urar da za ta ba gida duka intanet ba tare da jan waya ba. Irin wannan intanet shi ake kira waifai.

Matsalar ita ce gidajenmu manya ne. Akwai zaure, akwai turaka, akwai ɗakunan mata, ga sashen ƙanne da iyalansu, ga garka a baya. Ƙaramar na'urar da ake ajiyewa a kan tebur an yi ta ne don ɗaki biyu ko uku. Wanda ya sayar da buhunan kaka ya saye ta don babban gida, zai tarar zaure kaɗai take ciyarwa.

Aiki biyu ne, ba ɗaya ba

Ka ɗauki intanet kamar ruwa. Aikin farko shi ne kawo ruwan gida. Aiki na biyu shi ne raba shi ga kowane sashe. Idan rijiya ta ƙafe, yawan tuluna ba zai amfana da komai ba. Haka nan idan sabis ba ya zuwa gidanka da ƙarfi, na'urar rabawa ba za ta ƙirƙiro shi ba, komai tsadarta.

Don haka kada ka fara da zuwa kanti. Ka fara da gwaji, kuma gwajin kyauta ne. Ka aro wayoyi masu layin MTN da Airtel da Glo. Ka zagaya gida da su. Ka gwada a zaure, ka gwada a bayan gida, ka hau tsani ka gwada a saman katanga. Ka duba ko alamar 4G ta fito a fuskar wayar. Kada ka tsaya ga ƙirga sandunan sabis, ka buɗe wani bidiyo ka ga ko yana tafiya ba tsayawa. Ka yi haka da safe, ka sake yi bayan sallar isha'i, domin da dare ne jama'a suke yin yawa a kan layi, sai sabis ya yi nauyi. Layin da ya ci wannan gwaji shi ne naka, ko da maƙwabcinka ya rantse da wani.

Ƙasar Zuru ƙasar tuddai da duwatsu ce. Dutse ɗaya tsakaninka da ƙarfen sabis ya isa ya raunana shi. Saboda haka gida biyu a gari ɗaya suna iya samun sakamako daban.

Idan sabis yana da kyau a sama amma ba ya shiga ɗaki, abin da kake buƙata shi ne na'urar waje mai cin layin waya. Ana ɗaure ta a kan dogon ƙarfe, a juya fuskarta wajen ƙarfen sabis, a sauko da waya zuwa ɗaki. Ka tambayi mai kanti ko tana karɓar layin kowane kamfani. Wasu an kulle su ga kamfani ɗaya, ran da sabis ɗinsa ya lalace sai ka zauna. Layin kuma sai an haɗa shi da lambar NIN, kamar yadda gwamnati ta wajabta tun watan Disamba na 2020. Mai kanti zai iya yi maka tallan 5G. MTN ya fara shi a 2022, amma daga manyan birane aka fara. In ba ka gan shi a waya a ƙofar gidanka ba, kada ka biya kuɗinsa.

Inda babu sabis sam, akwai Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023. Shi daga tauraron ɗan'adam yake ɗaukowa, ba ruwansa da ƙarfen sabis. Farantinsa yana son sarari, kada bishiya ta rufe shi. Amma yana da tsada wajen saye, ana biya duk wata, kuma yana shan wuta sosai. A ganinmu ya fi dacewa da makaranta ko asibiti ko ƙungiyar manoma da za su haɗa kuɗi. Ku kuma tuna cewa na'ura mai layin waya ta dogara ne ga ƙarfen sabis. A watan Satumba na 2021 an rufe sabis a jihar Zamfara na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. A irin wannan hali, na'ura mai layi shiru za ta yi.

Fitilar ƙwai da tocilan

Yanzu sai rabawa. Na'urorin waje masu watsa waifai iri biyu ne. Akwai mai watsawa ko'ina kamar fitilar ƙwai. Ita ake kafawa a tsakiyar gida, kowane sashe ya samu. Akwai mai harbawa gefe ɗaya kamar tocilan. Tana kai wa nesa, amma wanda yake bayanta ba zai samu ba. Idan gidanka dogo ne, ko kana son sabis ya kai garka, sai ka kafa mai kama da tocilan a bakin gida ta kalli can.

A nan ne ake yawan cutar mai saye. Za ka ga an rubuta a kwali cewa na'ura tana kai mita ɗari uku ko fiye. Wannan awo a fili aka yi shi, inda babu bango babu bishiya. Kuma akwai abin da kwali ba ya faɗa. Intanet zance ne tsakanin biyu. Na'ura tana magana, waya tana amsawa. Na'ura tana da babbar murya kamar lasifikar masallaci, wayar hannu kuwa muryarta ƙarama ce. Kana iya jin ladan daga gona, amma shi ba zai ji amsarka ba. Haka waya take nuna sandunan waifai a nesa, amma ka buɗe abu ya ƙi buɗewa. Don haka ka raba lambar kwali biyu, ka yi lissafi da rabin. In gidan ya cika girma, na'ura biyu matsakaita a wurare biyu sun fi ɗaya babba.

Abubuwa uku ne suke tare waifai a gidajenmu. Katangar laka mai kauri tana shanye shi. Kwanon rufi yana mayar da shi baya, don haka na'urar da aka ɗora can ƙololuwar rufin kwano tana iya ciyar da maƙwabta ta bar wanda yake ƙarƙashinta. Gara a kafa ta a tsakar gida, a kan ƙarfe mai tsawon mita uku zuwa huɗu, inda take ganin ƙofofi da tagogi. Na uku shi ne ganye, musamman jiƙaƙƙe. Wurin da ya yi kyau da rani yana iya lalacewa da damina, lokacin da mangwaro ya jiƙe, dawa da masara suka fi mutum tsawo.

A jikin kwali za ka ga lamba 2.4 da lamba 5. Ta 2.4 ta fi kai wa nesa da ratsa bango. Ta 5 ta fi sauri amma a kusa. Mai ɗauke da duka biyun ta fi, in kuɗi bai kai ba ka ɗauki 2.4.

Wayar da ke haɗa na'urar waje da ta ɗaki kada ta wuce mita 100. In ka ga an rubuta PoE, ma'anarsa waya ɗaya ce take kai wuta da intanet tare, ba sai ka ja wayar lantarki sama ba. Ka sa ta cikin bututun roba saboda rana da ɓeraye. Idan kuwa gonar ta kai kilomita ɗaya ko fiye, sai an sayi na'urori biyu masu kallon juna, ɗaya a gida ɗaya a gona. Sharaɗinsu shi ne su ga juna, babu tudu a tsakani. Kafin ka kai kaya masu tsada gonar da ba a kwana, ka yi tunanin ɓarayi.

Ruwa, ƙura, tsawa da wuta

Na'urar waje ta gaskiya tana da alamar IP da lambobi biyu. Ta farko ta ƙura ce, 6 na nufin ƙurar hunturu ba za ta shiga ba. Ta biyu ta ruwa ce. IP65 tana jure feshin ruwa, IP67 tana jure ko da ta nutse na ɗan lokaci. Wasu suna ɗaure na'urar ɗaki cikin leda ko bokiti su rataye a waje. Wannan arha ce mai tsada, domin zafin bazara zai dafa ta, gumin leda ya ƙarasa ta.

Dogon ƙarfe yana jawo tsawa. A haɗa shi da wayar tagulla zuwa sandar da aka binne cikin ƙasa, kuma mai aikin lantarki ya kamata ya yi wannan. Hadari ya taso, a zare na'ura daga wuta. A kuma nisanta ƙarfen da wayoyin lantarki tun wajen kafawa.

Ƙaramar na'ura tana cin wuta kamar wat 10. A yini da kwana, wato awa 24, ya zama wat-awa 240 ke nan. Farantin sola mai wat 100 da batir mai kyau suna iya riƙe ta. In na'urorin biyu ne, sai a ninka lissafin.

Wajen saye, ka ce a kunna maka ita a kanti da layinka. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar, ku yi magana a kan mayarwa in ba ta yi aiki a gidanka ba. Da an kafa ta, ka sa a canza lambar sirrin da ta zo da ita, domin samarin unguwa sun san ta. Ka kuma zauna da mutanen gida a kan kallon fina-finai, domin bidiyo ne ya fi cin data. Datar da za ta yi wata guda ana aika saƙo tana iya ƙarewa cikin kwana biyu in an saki yara a kan TikTok.