Kwamfuta a Masana'antar Abinci: Darasi Daga Madarar Japan

A ranar 31 ga Maris, 2000, wutar lantarki ta ɗauke na kimanin awa uku a masana'antar madara ta kamfanin Snow Brand da ke garin Taiki, a tsibirin Hokkaido na ƙasar Japan. Madarar da ke hannu ta tsaya ba a sanyaya ta ba. Da wuta ta dawo, maimakon a zubar da ita, sai aka mayar da ita gari, aka aika da shi masana'antar kamfanin ta birnin Osaka. Daga ƙarshen watan Yuni, mutum fiye da 13,000 suka kamu da amai da gudawa.

Me ya faru? Wata ƙwayar bakteriya mai suna Staphylococcus aureus ce ta sami ɗumi ta hayayyafa. Idan yanayi ya yi daɗi, wasu ƙwayoyin kan rabu gida biyu duk minti 20. Mai karatu ya lissafa da kansa: cikin awa uku ƙwaya ɗaya ta zama 512. Zafi yana kashe wannan ƙwaya, amma dafin da ta riga ta zuba ba ya jin dahuwa.

Saboda irin wannan ne masana'antu suke da tsarin kula na yau da kullum. Kowace safiya ma'aikata kan tsaya gaban allo su duba aikin jiya: me ya lalace, me ya jawo, wa zai gyara. Japanawa suna kiran wannan gyara na kaɗan-kaɗan da ba ya yankewa kaizen. Matakansa huɗu ne: a tsara, a aikata, a duba, a gyara. Sai dai takarda da alli suna da rauni, domin ƙwayar cuta ba ta jiran taron safe.

A nan kwamfuta ta shigo. Yanzu akan dasa ma'aunin zafi a cikin tankin madara, yana aika wa kwamfuta sakamako dare da rana. Da zarar zafi ya wuce ƙa'ida, sai ƙararrawa ta kaɗa, saƙo ya isa wayar mai kula. Kowane rukunin kaya yana da lambarsa, don haka ana iya bin sawunsa daga tanki har kanti. Haka kuma bayanan da suka taru na watanni kan nuna injin da ya cika ba da matsala, a magance ta tun daga tushe.

Amma fa na'ura ba ta zubar da madara. Ita dai ta faɗi abin da ta auna. Ma'aikaci ne zai yanke shawarar yin asarar tanki guda don kare lafiyar jama'a. Mu da muka san ɗaukewar wuta, ya kamata mu riƙe wannan darasi: rigakafi ya fi magani.