Saƙa, Sana'ar Kakanni Da Ke Neman Magada

  

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanan baya mun yi jana'izar wani dattijo masaƙi a karkararmu, Allah ya jiƙansa. Mutumin nan ya shekara fiye da hamsin yana saƙa wa mutane farin da ake yi musu likkafani, amma ran da tasa ta zo sai da aka aika kasuwa aka yanko yadin kanti, gama ba wanda ya gaje shi. Bayan sadakar bakwai na ga itatuwan masaƙarsa jingine a bakin murhu. Na koma gida ina ta tunani, yaya aka yi ilmin da ya tufatar da ƙasa duka ya zama makamashi?

Ku sani, ya 'yan'uwa, saƙa ba ƙaramar aba ba ce a tarihinmu. A shekarar 1851 wani matafiyi Bajamushe mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa ta Katsina ya isa Kano. Ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa kowace shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Tumbutu da Tarabulus. Turkuɗin Kura kuwa, shi ne rawanin da Buzaye ke alfahari da shi har Agadas. Tun gabanin haka Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin littafinsa Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya yi wasiyya shugaba ya kula da masu sana'a, ya zaunar da su cikin garuruwa. Mahaifinsa, Shehu Usmanu, an san yana tufkar igiya. Annabi Dawuda ma, Alaihis Salamu, sulke yake ƙerawa, yana ci daga aikin hannunsa. To, wane malami ne zai ce sana'a ta rage masa daraja?

Ga yadda ake koyon ta, kamar yadda na koya wurin baffana ina yaro. Farkon al'amari a hannun mata yake. Su ke gurzar auduga su fid da angurya, su shiɓe ta da baka, sa'an nan su kaɗa da mazari. Zare siriri mai ƙarfi shi ake miƙawa tsaye, kakkaura kuwa, watau abawa, shi ake gittawa a kan bargo da gwado. Yaro ba ya fara zama a masaƙa. Sai ya daɗe yana naɗa zare a kwarkwaro, har hannunsa ya san bambancin zare mai kyau da mai rauni. Daga nan a koya masa wadari, watau a kafa turaku yana kai da komowa da zare, yana ƙirga sili, domin a nan ake yanke tsawon tufa da faɗinta da jerin launinta. Wanda ya yi kuskure a wadari, har ƙarshen saƙa yana tare da kuskurensa, kamar almajirin da ya karɓi babbaƙu da gyara.

Bayan wannan sai zura zare cikin allera da matsefi, sili ɗaya bayan ɗaya. A ɗaure ƙarshen zaren can nesa a jikin kunkuru, wato abin ja wanda aka aza wa dutse don zare ya miƙe. Sa'an nan mai koyo ya zauna. Ya taka da ƙafar dama, rabin zare ya ɗaga, ya jefa ƙoshiya ta ratsa, ya jawo matsefi ya buga. Ya taka da hagu, ya komo da ita. Abu uku malamin saƙa ke dubawa: bakin tufa ya tafi sak, bugu ya zama daidai, in zare ya tsinke a ƙulla shi yadda ido ba zai gani ba. Da fari ake farawa. In hannu ya faɗa a shiga saƙi, mai kama da jikin zabo, kāna masu ratsi irin su barage. Tsamiya da alharini sai gwanaye.

Masaƙar maza tsiri take fitarwa, faɗinsa kamar yatsu huɗu zuwa tafin hannu, sai a jera a ɗinke su zama rawani ko mayafi ko zane ko luru. Ta mata kuwa a tsaye take cikin ɗaki, jingine da bango, tana fid da tufa mai faɗi a zama guda, irin gwado da majanyi da abin shimfiɗa. Wannan ta dace da matan aure ƙwarai, ba sai sun fita ba.

To, me ya durƙusar da ita? Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yadin Ingila ya yawaita, aka kafa injunan gurza irin na Funtuwa, auduga ta riƙa wucewa waje. A 1957 aka buɗe babbar masaƙar inji ta farko a Kaduna, mutane suka ce an huta. Ita ma a 2002 ta rufe. Sai muka wayi gari ta hannu ta yi rauni, ta inji ta mutu, galibin abin da muke sawa daga Sin da wasu ƙasashe yake zuwa. Mu mazauna bakin iyaka mun ɗanɗana sakamakon dogaro da kayan wani. A watan Agusta 2019 aka rufe iyaka, ƙofar Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilu 2022. A 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka sāke rufewa har Maris 2024. Samari nawa muka gani zaune a gindin itace, domin abincinsu duka a kan hanyar Maraɗi yake? Guntun gatarinka ya fi sāri ka ba ni.

Ban ce ƙoshiya za ta yi tsere da inji ba, wannan ba zai yiwu ba. Amma akwai abin da har yanzu ake nema na hannu: luru da gwado na kayan ɗakin amarya, rigar saƙi ta sarakuna da hawan Salla, da mayafi mai kauri na lokacin hunturu.

Saboda haka ina roƙon malamai, kowa ya nemi tsohon masaƙi a garinsu tun yana da rai, ya damƙa masa almajiri biyu ko uku. Alhamis da Jumma'a ba karatu, tsakanin hantsi da azahar ma akwai sarari. Wannan ya fi musu yawo da ƙoƙo ƙofa ƙofa, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku kuma 'yan kasuwa, ku ba da zare, ku yi alkawarin sayen abin da aka saƙa, ku biya a kan kari. Kada ku sayar da na inji da sunan na hannu, gama wannan algus ne, shari'a ta hana.

Ni dai na roƙi magadan dattijon nan, sun bar mini allera da matsefi da ƙoshiya biyu. Na sa an kafa masaƙar a zauren makaranta, yara uku sun fara naɗa kwarkwaro. Allah ya sa albarka, ya ba mu abin sawa na halal, ya suturta mu duniya da lahira, amin. Haza wasalam.