Koyon Sana'a Yana Farawa Daga Bakin Ƙofa

Ana yawan koya wa mata guragu ɗinki, a raba musu keken ɗinki, amma sau da yawa ajin yana saman bene, ƙofar bayi kuma keken guragu ba ya shiga. Matar da sai an ɗauke ta cak a kan matakala a gaban maza ba za ta daɗe tana zuwa ba. Dokar hana wariya ga naƙasassu da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin kuwa ya cika a 2024. Masu cewa gyaran yana da tsada su lissafa: gangaren siminti da faɗaɗa ƙofa ɗaya ba su kai kuɗin horon da ake asara duk lokacin da ɗaliba ta daina zuwa ba.