Khartum da Umdurman a Idon Yaro: Ziyara a Kan Tsohuwar Hanyar Hajji

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma sau da yawa idan magidanci ya tashi tafiya mai nisa sai ya bar yara a gida, a kan cewa wahala kawai za su sha, ba abin da za su fahimta. Mu ma a kan wannan ra'ayi muke, har zuwa watan Disamba na 2017, lokacin da Allah ya nufe mu da zuwa Sudan don duba ƙanen maigida, wanda ke karatu a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa a birnin Khartum. Kakar ɗanmu ce ta dage sai an tafi da shi, yana ɗan shekara 9, tunda ana hutun lakwal. Ta ce mahaifinta ya ratsa ƙasar da ƙafa zai tafi Makka, don haka ya kamata wani daga cikin zuriyarsa ya ga hanyar da idonsa tun yana ƙarami. Muka hau mota daga Maraɗi zuwa Kano, daga nan jirgi ya sauke mu Khartum cikin ƴan sa'o'i, tafiyar da kakanninmu kan share shekaru ba su ƙare ta ba. Kafin mu tashi mun saya wa yaron littafin rubutu, muka ce duk abin da ya gani ya rubuta ko ya zana, don ya kawo wa kakarsa tsaraba.

Inda ruwa biyu suka haɗu

Babban birnin Sudan garuruwa uku ne da ruwa ya raba: Khartum, da Umdurman, da Bahri. Wurin da muka fara kai yaron shi ne Mugran, inda Farin Nilu da ya taso daga tafkin Biktoriya ya haɗu da Shuɗin Nilu da ya gangaro daga tafkin Tana a ƙasar Habasha, suka zama kogi ɗaya da ya nufi Masar. Muka shiga kwale-kwale kusa da tsibirin Tuti da sanyin safiya. Yaron ya daɗe yana leƙen ruwa, sannan ya ce, "Baba, to ina shuɗin? Ni ban ga shuɗi ba, ban ga fari ba." Gaskiya ya faɗa, domin ɗaya ya fi duhu ne kawai, ɗayan kuma fari-fari kamar ruwan gasara, suna tafiya gefe da gefe kafin su gauraye. Mai kwale-kwalen ya yi mana bayani, ƙanenmu yana fassarawa, cewa sai da damina, wajen Agusta da Satumba, Shuɗin Nilu ke cika ya taho da jar laka daga duwatsun Habasha, kuma lakar nan ce ta ciyar da manoman bakin kogi tun zamanin fir'aunoni. A Tuti muka ga lambunan lemun tsami da ganyaye, irin na bakin gulbin Maraɗi, a tsakiyar babban birni.

Mun lura tun ranar farko cewa abin da ke jan hankalin yaro daban yake da namu. Muna kallon dogayen gine-gine, shi kuwa yana ƙirga randunan ruwa da mutanen gari ke ajiyewa a ƙofar gida da gindin itatuwa, kowace da moɗarta, don mai wucewa ya sha sadaka. Shafin farko na littafinsa randa uku ya zana.

Gidan tarihi na ƙasa

Kashegari muka je gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1971 a bakin Shuɗin Nilu. A farfajiyarsa akwai tsofaffin gine-ginen dutse na Buhen da Semna da Kumma, waɗanda aka kwance dutse bayan dutse a shekarun 1960, aka kawo su nan kafin ruwan madatsar Aswan ya shanye wurarensu na asali. A ciki muka tarar da mutum-mutumin sarki Taharƙa, baƙar fata ɗan Kush, wanda ya mulki Sudan da Masar gaba ɗaya daga shekara ta 690 zuwa 664 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Yaron ya riƙe hannun uwarsa ya ce, "Inna, waɗannan gumaka ne?" Muka ce masa e, wasu daga ciki an bauta musu, kuma kallon darasi muka zo yi musu, domin addininmu ya kwaɗaitar da mu yin tafiya a bayan ƙasa da duban ƙarshen waɗanda suka gabata. A bene kuma ga zanen bango da aka ciro daga majami'ar Faras, shaida cewa Nubiya ta yi ƙarnoni a kan Kiristanci kafin Musulunci ya game ƙasar. Awa guda da rabi muka yi yaron ya gaji, muka fito muka zauna gun mai shayi a ƙarƙashin itace, ya sha zoɓo, wanda su suke kira karkade.

Ƙubbar Mahadi da gidan Halifa

Umdurman na hayin kogi ta yamma, kuma tun daga nesa ake hango ƙubbar Mahadi tana ƙyalli kamar azurfa. Muhammadu Ahmad ya yi da'awar Mahadanci a 1881 a tsibirin Aba, jama'arsa suka ci Khartum ranar 26 ga Janairu 1885, ya rasu a watan Yuni na wannan shekara. Mun gaya wa yaron cewa malaman zamanin sun yi saɓani a kan da'awarsa, wasu suka bi, wasu suka ƙi, kuma cikin waɗanda suka bi har da Hayatu ɗan Sa'idu ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi musayar wasiƙu da shi daga ƙasar Adamawa. Turawan Ingila sun rushe ƙubbar bayan sun ci garin, sai a 1947 aka sake gina ta.

Kusa da ita akwai gidan magajinsa, Halifa Abdullahi, wanda aka mayar gidan tarihi. Nan ne yaron ya fi daɗewa, yana duban takubba da masu da sulke, da rigunan mayaƙan Ansar masu faci-faci kala-kala. Aka ba mu labarin yaƙin Karari na ranar 2 ga Satumba 1898, inda bindigogin Kitchener masu sarrafa kansu suka kashe kimanin mutum 10,000 a safiya ɗaya, alhali waɗanda suka mutu a ɓangarensa ba su kai 50 ba. Da muka tuna masa cewa shekara guda bayan haka, a 1899, rundunar Faransawa ta ƙone Birnin Ƙonni, kuma a shekarar ce suka kama Damagaram, sai ya gane cewa abin da malaminsu ya karanta musu a aji da abin da ke gabansa labari ɗaya ne.

Ranar da ya ɓace mana a kasuwa

Daga nan muka shiga kasuwar Umdurman, mai lunguna kamar saƙar gizo. Uwar yaron ta tsaya cinikin humra da turaren wuta da lafaya, uban yana lissafin canji, kowa na zaton yaron na hannun ɗayan. Da muka waiwaya babu shi. Minti goma sha biyar muka yi muna kutsawa cikin rumfuna muna kiran sunansa, kuma ba mu taɓa ganin lokaci mai tsawo irin wannan ba. Can a bakin layi muka hango shi zaune kan benci gaban tukubar wani tsoho mai tsire, hawaye sun bushe masa a fuska, yana riƙe da tsinken nama. Ashe bin wani mai amalanken jaki ya yi, ya rasa hanyar dawowa, ya fashe da kuka yana kiran Inna. Tsohon ya ji, ya kira shi da Hausa, ya zaunar da shi, ya aiki yaronsa neman mu.

Maigida ya durƙusa ya ce, "Baba, Allah ya saka da alheri." Tsohon ya ce, "Haba ɗana, ai jikana ne. Daga wace ƙasa kuka fito?" Da muka ce Maraɗi, ya ce kakansa Bakatsine ne, ya fito da niyyar hajji, guzuri ya ƙare masa a Jazira, ya tsaya noman auduga, ya yi aure, har Allah ya yi masa cikawa a can. Shi kansa bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma Hausa ce harshen cikin gidansa. Tsiren da yake sayarwa, da yajin ƙuli-ƙuli irin namu, duk Sudan agashe ake kiransa, kalmar da ba ta buƙatar tafinta a wurin Bahaushe.

A kan bencin nan yaron ya ji labarin hanyar da kakarsa ke faɗi: daga Kano zuwa Barno, a ƙetara zuwa Injamena da Abeshe, a shiga Darfur ta Janaina da Fashir, a bi Ubayyid zuwa Umdurman, sannan Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Ya ji yadda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira daga Sakkwato aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na 1903, da yadda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Ya ji kuma cewa da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, ƙarfin mutanenmu na cikin abin da ya raya su. Mutanen Sudan kan haɗa Hausawa da Fulani da Barebari su ce musu Fallata, kuma tsohon bai ɓoye mana ba cewa har lokacin akwai masu yi musu kallon baƙi, duk da cewa kaka da kakanni a nan aka binne su.

Ranar Juma'a muka yi salla a masallacin Nilaini mai zagayayyen rufi, a gaɓar ruwa, da la'asar sakaliya kuma muka je maƙabartar Shaihu Hamad al-Nil, inda ƴan Ƙadiriyya ke taruwa da tutoci da bandiri suna zikiri har faɗuwar rana. A cikin wannan cinkoso hannun yaron bai bar namu ba.

Abin da ya biyo baya

Ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na Ramadan, yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Ɗaliban ƙasashenmu da ke jami'o'in birnin sai a cikin manyan motoci aka kwashe su zuwa iyakar Masar da Port Sudan. Fiye da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu. Gadar Shambat da ta haɗa Umdurman da Bahri ta karye a Nuwamba 2023, mutanen Tuti suka sha ƙawanya har suka watse, wuta ta ci sassan kasuwar Umdurman. Da sojoji suka sake karɓar tsakiyar Khartum a Maris 2025, aka tarar an wawushe kayan gidan tarihi na ƙasa. Tun kafin wannan, a 2022, rikicin ƙasa a jihar Shuɗin Nilu ya ci rayukan ɗaruruwan mutane, ciki har da Hausawa masu yawa.

Da labarin yaƙin ya iso mana ta rediyo, ɗanmu, wanda a lokacin ya zama saurayi, ya ɗauko littafinsa na 2017 ya buɗe shafin da ya zana tukubar tsire, ya ce, "Baba, ko tsohon nan yana raye?" Tun daga ranar yake sa mutanen Sudan a addu'arsa, kuma da aka yi tarin taimako a masallacin unguwarmu shi ya zaga gidajen abokansa. Ga yaran da ba su je ba, Sudan suna ne a labaran duniya. Shi kuwa yana da wanda ya share masa hawaye a can.

Shawara ga iyaye

Wanda Allah ya hore masa tafiya, ko umara ce, ko ziyarar dangi a Kumasi ko Abijan ko Injamena, ya yi ƙoƙari ya tafi da yaro ko ɗaya ne. A fita da safe da yamma, a huta da tsakar rana, kada a wuce wuri biyu a yini. A sa masa takarda a aljihu mai ɗauke da sunan masauki da lambar waya da harshen garin, abin da mu muka yi sakaci da shi, kuma a faɗa da baki wa ke riƙe da shi kafin a tsaya ciniki. A koya masa gaisuwar mutanen wurin, a bar shi ya yi tambaya, a amsa masa da gaskiya gwargwadon hankalinsa. A nemi unguwar Hausawa a gaishe da dattawanta tare da shi, domin zumunta a ƙafa take. Kada kuma a riƙa ɗage irin wannan tafiya ana jiran yaro ya girma, domin da yawa daga abin da ɗanmu ya gani a 2017 ba ya nan inda ya gan shi.

Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar da waɗanda suka watse gidajensu, ya shirya mana zuriya. Amin.