Mota Mai Ciki Biyu: Ina Ribar Take?

Tun ran 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Tinubu ya janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200, har ta haye naira 1,000 a Oktoban 2024. Saboda haka malamai da akawuna a Fulatan da sauran garuruwan Rogo da Ƙaraye suna ta tambaya game da motar nan mai ciki biyu, watau mai injin fetur da kuma babban batir wanda a kan cika da wutar lantarki a gida. Kamfanin BYD na ƙasar Sin ya fito da irinta a 2008, Mitsubishi kuwa ya fito da tasa, Outlander, a 2013. Yawancinsu su kan yi kilomita 40 zuwa 80 da batir kaɗai, sa'an nan injin ya karɓa.

To, bari mu buga lissafi irin na ɗakin karatu. A ce mutum yana ƙona lita 3 kullum a kan naira 1,000. A shekara ya kashe naira miliyan ɗaya da 'yan kai. A ce kuma motar ta fi ta fetur tsada da naira miliyan 10. Ashe sai ya haura shekara 9 kafin ya mai da kuɗinsa, ko da wutar kyauta a ke ba shi, ga shi kuwa ba kyauta ba ce. Ina mai albashi zai sami haƙurin wannan, alhali mafi ƙanƙancin albashin da aka yanka a 2024 naira 70,000 ne?

Har wa yau, ribar duk ta rataya ne ga cika batir kowane dare. A 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta ba da rahoto cewa hayaƙin da motocin nan ke fitarwa a kan hanya ya ninka na gwaji sau uku da rabi, don masu su ba su cika su kamar yadda aka zata. Can fa ba kasafai wuta ke yankewa ba. Balle ƙauyen da a kan kwana a yini ba a ga ƙyallinta ba. Batir in ba caji, galibinsa kaya ne injin ke ja.

A ganinmu mai motar haya, wanda ke zirga-zirga kullum tsakanin Rogo da Kano, shi ne lissafin zai fi yi wa daɗi, in ya kafa faifan hasken rana a gida, kuma in ya sami makanikin da ya san kan batirin kusa da shi.