Miyar Wake Ba Nama: Abin Da Tukunyar Katagum Da Ta Meziko Suka Haɗu A Kai

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, lissafin cefane ya sauya a gidajen ma'aikatan da ke Abuja. A watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A watan Yuli aka sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, amma kuɗin mota daga Mararaba ko Kubwa zuwa Sakatariyar Tarayya kaɗai na cinye kaso mai tsoka a ciki. A gidaje da dama, abin da ya fara ficewa daga tukunya shi ne nama.

Magidanta da yawa na ɗaukar hakan a matsayin gazawa, domin mun taso da fahimtar cewa miyar da ba a tsamo tsoka a cikinta ba lami ce. Sai dai akwai miya guda da tun asali ba ta dogara da nama ba, wato miyar wake. A ƙasar Katagum ta Jihar Bauchi an daɗe da saninta, kuma a can ƙasar Meziko, kudu da Amurka, ire-irenta na cikin abincin da ƙasar ke taƙama da shi. Idan aka kwatanta yadda wuraren biyu ke girka ta, za a ga hanyar da ma'aikaci zai bi ya ciyar da iyalinsa abinci mai riƙe ciki da gina jiki ba tare da ya tsaya wurin mahauci ba.

Ƙasar gero da wake

Katagum masarauta ce da Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma a 1916 aka mayar da fadarta zuwa Azare. Ƙasa ce mai jigawa da gajeriyar damina, irin wadda gero da dawa da gyaɗa da wake suka fi so. Manomin yankin bai cika ware wa wake gona ba. Yakan jira gero ya tashi, sannan ya shuka waken a tsakanin kunyoyi. Idan aka girbe gero, wake ya samu sarari ya yaɗu, ya nuna da kaka, wajejen Oktoba zuwa Nuwamba. Ƙwayar ta tafi rumbu ko kasuwa, harawa ta zama abincin tumaki da awaki, saiwar kuma ta bar wa ƙasa sinadarin da ke ƙara mata ƙarfi.

Da yake Azare na kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, waken ƙauyukan yankin ba ya daɗewa bai kama hanya ba, wani zuwa kasuwar Dawanau ta Kano, wani zuwa Abuja da Kudu. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman irin wannan wake, inda take samar da sama da tan miliyan 3 a shekara, Nijar na biye da ita. Masana tsirrai kuma sun nuna cewa a Afirka aka fara noma shi. Ke nan ɗan gida ne, shi ya sa ya shiga ko'ina a girkinmu: ƙosai da safe, alala, ɗanwake, garau-garau, faten wake, sai kuma miya a kan tuwon dare.

Yadda uwargida a Azare ke yin ta bai da rikitarwa. Ta jiƙa wake ko ta surfa shi, ta wanke ɓawon ya fita tas, ta dafa da ɗan jiƙon kanwa har ya narke, ta burge shi da maburgi. Daddawa da albasa da attarugu da mai su biyo baya. Idan akwai nama ko busasshen kifi a saka, idan babu miya ba ta fasa zama miya ba, domin kaurinta daga waken yake, ƙamshinta kuma daga daddawa.

Dangantakar da ke tsakanin tukwanen biyu

Waken Meziko ba irin namu ba ne. Wani jinsi ne dabam, mai baƙi da ja da dabbare-dabbare, wanda mutanen can suka fara nomawa shekaru dubbai da suka wuce. Amma sauran kayan miyar duk mun san su. Masara daga Meziko ta samo asali. Tattasai da barkono da attarugu da tumatur duk daga nahiyar Amurka suka fito, kuma sai daga ƙarni na 16 suka fara isowa Afirka ta hannun fatake, musamman Turawan Fotugal. Duk wanda ya jajjaga kayan miya a Azare ko Gamawa, da amfanin gonar waccan nahiya yake girki.

Kamannin bai tsaya nan ba. Manomin gargajiya a Meziko na haɗa masara da wake da kabewa a gona guda, tsarin da suke kira milpa, kamar yadda namu ke haɗa gero da wake. Suna da wani farin gishirin ƙasa da ake kankarowa a bakin tafkuna, mai suna tekeskite, wanda suke jefawa a tukunyar wake don ya yi laushi, daidai da aikin kanwa a wurinmu. Wake da waina ta masara shi ne abincin yau da kullum na talakansu, kamar tuwo da miya a nan.

Akwai hikima a wannan haɗi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake furotin ne, sinadarin gina jiki da ake nema a nama. Furotin ɗin hatsi yana da giɓi ta wani ɓangare, na wake ma yana da nasa ta wani ɓangaren, amma kowanne na cike na ɗan'uwansa. Wanda ya ci tuwon dawa ko na masara da miyar wake ya samu abin da jiki ke buƙata fiye da wanda ya ci ɗaya ya bar ɗaya. Wake kuma na ɗauke da sinadarin ƙarfe mai taimakon jini, yana daɗewa a ciki, ba ya tayar da sukari da sauri, abin da ya dace da mai wuni a zaune a ofis.

Inda muka bambanta shi ne daraja. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya girkin gargajiya na Meziko cikin jerin al'adun da duniya ta gada, inda aka kafa misali da jihar Michoacán. Daga wannan jiha ce wata shahararriyar miya mai suna sopa tarasca ta fito: wake da aka niƙa da tumatur da busasshen tattasai, aka barbaɗa soyayyar wainar masara a kai. A manyan gidajen abinci ake sayar da ita. Mu kuwa har yanzu wasu na jin nauyin ajiye wa baƙo miyar wake.

Yadda za a girka ta a gida

Ga tsarin da ya ɗauko dabara daga ɓangarorin biyu, wanda zai ishi mutum biyar zuwa shida. A tanadi wake gwangwanin madara 4, tumatur 5, tattasai 3, attarugu 2, albasa manya 2, tafarnuwa ƙwaya 4, daddawa dunƙule 2, man gyaɗa ludayi 1, yankin kabewa kamar tafin hannu biyu, ɗanyar masara goyo 2 idan lokacinta ne, gishiri, citta, masoro da lemun tsami 2. Farin wake irin Kanannado ko Ɗan'ila na narkewa da wuri. Jan waken da ake kira oloyin a kasuwannin Wuse da Utako ya fi zaƙi, kuma ya fi riƙe jikinsa.

A tsince waken, a wanke, a jiƙa shi tun dare. A wannan girki ba a cire ɓawo, domin shi ke sa miyar ta yi nauyi a ciki. Da safe a zubar da ruwan jiƙon, a zuba sabo ya sha kan waken da kamar yatsu uku. Zubar da ruwan na rage kumburin cikin da mutane ke ƙorafi a kai, jiƙon kuma na rage lokacin dahuwa, wanda ke nufin ragin iskar gas. A jefa rabin albasa, a bar shi ya tafasa sosai na minti 10, sannan a rage wuta ya ci gaba da dahuwa a hankali na kamar minti 40. Wanda ya sayi jan waken ƙasar waje a manyan kantuna kada ya tsallake wannan tafasa ta farko, domin irin wannan wake na da wani sinadari mai ɓata ciki da zafin tafasa ne kaɗai ke kashe shi.

Kanwa ba dole ba ce idan an jiƙa wake. Idan tsohon wake ne mai taurin kai, ɗan jiƙo kaɗan ya isa. Yawanta na sa miya ta yi baƙi da bauri, yana kuma lalata wani ɓangare na bitamin ɗin da ke cikin waken.

Yayin da wake ke kan wuta sai a ɗauko dabarar Meziko. Maimakon a niƙa kayan miya ɗanye, a gasa su tukuna. A jera tumatur da tattasai da attarugu da albasa da tafarnuwa a kan garwashi, ko a busasshen kasko ba mai, ana juyawa har bayansu ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, cikinsu ya yi laushi. Gashin na fito da zaƙin tumatur, yana rage tsaminsa, yana kuma ba miya ƙamshin hayaƙi irin wanda ake nema a banda. Idan tumatur ya yi tsada, kauɗa da busasshen tattasai da aka jiƙa a ruwan zafi sun wadatar, kuma sun fi kusa da ɗanɗanon miyar Michoacán. A jajjaga su ko a niƙa.

A soya ragowar albasa a man gyaɗa har ta yi ja, a zuba jajjagen da dakakkiyar daddawa da citta da masoro, a soya har mai ya taso. Daddawa ita ce abin da muke da shi wanda Meziko ba ta da shi, kuma ita ke cike gurbin romo. Kada a haɗa wannan suya da wake sai ya yi laushi har ana iya murƙushe ƙwaya da yatsa, saboda tsamin tumatur na hana ɗanyen wake nuna.

Da ya nuna, a ɗebi kashi ɗaya cikin uku a dama shi da maburgi ko bayan ludayi, a mayar cikin tukunya. Wannan ne ke ba da kauri ba tare da an ƙara gari ba. A zuba suyar, da kabewar da aka yanka ƙanana, da ƙwayar masara, da gishiri. A bar su minti 15 a ƙaramar wuta, ana motsa ƙasan tukunya don kada ta kama. Mai son ganye ya watsa zogale ko alayyafo a minti biyar na ƙarshe. Sai an sauke ake matsa lemun tsami, wanda baya ga ɗanɗano yana taimaka wa jiki ya amfana da ƙarfen da ke cikin waken.

Ana iya cin ta da tuwo ko shinkafa, ko a sha da cokali da soyayyar gurasa da aka yayyanka, a ɗiga kindirmo a kai. Ma'aikacin da ya bar iyali a gida yake zaman gwauranci a Nyanya ko Lugbe na iya dafa tukunya guda ranar Lahadi, ya rarraba a ƙananan robobi. A firji takan kai kwana uku idan wuta ta tsaya. Inda wuta ba ta da tabbas, gara a dafa daidai ci, domin miyar wake ba ta jure zafi.

Waken da za a saya

Akwai abin da ya fi iya girki muhimmanci, wato sanin waken da aka sayo. Ƙwaro na huda wake cikin 'yan watanni bayan girbi, kuma wasu 'yan kasuwa na kare hajarsu da maganin ƙwari irin fiya-fiya, wanda ba a yi shi don abinci ba. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan sinadari da aka samu a ciki, wanda ya zarce ƙa'idarta ta miligiram 0.01 a kowane kilo. Hukumar NAFDAC ta sha jan kunne a kan lamarin. Waken da Turai ta ƙi karɓa bai ɓace ba, a kasuwanninmu irinsa ke ƙarewa.

Saboda haka a sansana wake kafin a biya kuɗi. Idan yana warin magani ko yana da farar ƙura da ba a gane ba, a bar shi. Waken da ya kai damina a buɗaɗɗen buhu ba huda ko ɗaya abin tambaya ne. Wanda ke da dangi a Azare ko wani garin noma, hanya mafi sauƙi ita ce ya yi sautu da kaka, lokacin da sabon wake ke da araha kuma ba a kai ga zuba masa komai ba. Abokan aiki uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su sayi buhu su raba.

Ajiyarsa ba ta buƙatar magani. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ɓullo da shi tare da masana aikin gona na Afirka, leda biyu ne a cikin buhu guda. Idan aka ɗaure kowacce da kyau, iska ta ƙare wa ƙwaron ya mutu. Jarka mai tsabta da aka cika maƙil aka toshe bakinta na yin aiki iri ɗaya. Sharaɗin dai shi ne waken ya bushe sarai kafin a rufe.

Wake ma bai tsira daga tsadar 2024 ba, lokacin da farashinsa ya ninka fiye da sau biyu a shekara guda. Duk da haka, mudu ɗaya na ciyar da gida kwanakin da kuɗinsa ba zai taɓa kaiwa ba idan aka kai wa mahauci. Wanda ya tanadi rabin buhu da kaka, ya ajiye daddawa da kauɗa, ya rage wa kansa fargabar satin ƙarshe na wata, lokacin da albashi ya ƙare kuma yara ke jiran abincin dare.